Gidan da Ruwa Ya Zana

A ƙasan Yawuri, inda kogin Kwara ke rabuwa biyu ya sake haɗewa, akwai wani tsibiri da ba ya fitowa sai ruwa ya ja baya sosai. A kan tsibirin akwai gida. Tambayi masunta, za su rantse ba su san da shi ba, amma ka lura da yadda suke karkata jirgi in sun zo daidai wurin.

Wai asalinsa wani Bature ne ɗan kasuwa, tun kafin a ja layin dogo, ya taho da zanen gida daga ƙasarsu a cikin akwati. Jirginsa ya kife, takardu suka sha ruwa, tawada ta cuɗe, shafi ya manne da shafi. Ya shanya su a kan yashi ya tafi neman magina. Kafin ya dawo aljannun wurin sun ga zane ya ba su sha'awa, sun gina shi yadda suka gan shi, ko ɗigo ba su gyara ba. Bature ya dawo ya ɗaga kai sau ɗaya, ya gyara zaman hularsa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To, aljani ya iya gini, amma ba ya taɓa ƙusa. In gara ta ci katako, dole sai an nemo ɗan Adam. Haka aka yi wani dogon mutum ya zo har shagon Haladu kafinta, ya ce akwai aikin kwana goma a ƙetare. Haladu ya ɗauki zarto da guduma da jakar ƙusoshi ya bi shi. Kwana goma ya wuce, ashirin ya wuce, aka doshi arba'in. Matarsa Asabe ta yi kuka har muryarta ta dishe. Mazan gari kuwa, kowa ya ce gobe za a je, kuma goben ta ƙi zuwa.

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, ita ce mahaifiyarsa, Tabawa. Haladu ɗanta ne na fari, ita kuwa mutumiyar da ce, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta shiga musu har ƙashi. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallon idonsa. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana kiran uwarsa Yaya kamar yadda ya ji ana kiranta. In an yabe shi a gabanta sai ta tashi ta hau gyaran wuta.

Rannan da hantsi ta ɗaura gyale ta ce wa mutanen gida za ta sayen kifi. Kifi fa! Matar da ko ƙarninsa ba ta so. Ta gangara bakin ruwa ta sami Gado Basarke, tsohon masunci, yana ɗinkin koma.

"Gado, ka kai ni tsibirin nan."

"Wane tsibiri, Inna?"

"Wanda ba ka sani ba."

Gado ya dube ta, ya dubi ruwa, ya ajiye koma. Bai ƙara tambaya ba. Da suka isa ya ce shi kam ƙafarsa ba za ta taka yashin ba, amma zai jira har rana ta faɗi.

Tabawa ta tsaya ta ƙare wa gidan kallo, ta ce, "Ikon Allah!" Bene ne a kan bene, na sama ya fi na ƙasa faɗi. Babbar ƙofar shiga tana can hawa na uku, ta buɗe a sarari, ba matakala ba komai. Tagogi wasu a kwance, wasu a karkace, wata ma a jikin bututun hayaƙi. A ƙasa babu kafa sai wata 'yar ƙofa da ba ta kai gwiwa ba. Tabawa ta durƙusa ta yi sallama sau uku. A ta uku ƙofar ta miƙe tsaye kamar mai tashi daga barci, ta zama daidai tsawonta.

Wata mace ce ta amsa sallamar, doguwa har kanta na gogar rufi. Rigarta irin ta matan Turawan da, mai jan ƙasa, a ƙugunta makullan katako sun fi ɗari. Da ta taka, Tabawa ta ji ƙwas-ƙwas na kofato, sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Ba a ƙure wa mai gida kallon ƙafa.

"Maraba da 'yar Adam. Ni ce Uwar Makullai, gidan nan a hannuna yake. Me ya ƙetaro da ke?"

"Ranki ya daɗe, wani mutum nake cigiya. An ce ya zo aiki nan."

"Wane ne shi a wurinki?"

Tabawa ta dubi ƙasa. "Mijin Asabe ne."

Uwar Makullai ta dube ta, sa'an nan ta ce, "Kafintan yana nan, kuma da kunya nake gaya miki halin da yake ciki. Ya gama aikinmu, babu abin da muka nema bai yi ba. Ranar da zan sallame shi aka kira ni biki bayan dutsen Ƙaf. Ina juya baya 'ya'yanmu suka sa shi gaba da wasa. Su kwaikwayi muryar matarsa, ya bi, ya buɗe ƙofa ya ga rami. Su kwaikwayi ta 'yarsa, ya bi, ya ga kogi. Da ya gaji sai ya shige ɗakin ƙarshe ya kafe ƙyauren da ƙusa ta ciki. Mu ba ma taɓa ƙarfe, shi kuma ya daina yarda da kowace murya. Ki sani, ya 'yar Adam, duk ƙofar da ta kwana bakwai ba a buɗe ta ba, gidan nan mantawa yake da ita, sai ta koma bango. Yau ne na bakwai. In rana ta faɗi yana ciki, shi ke nan."

Tabawa ta ɗago kai. Ta ce, "Ki nuna mini hanya."

"Sharaɗi biyu ne, kuma ba ni na sa su ba. Na farko, gidan yana jin gaggawa. Wanda ya yi sauri, hanya tsawo take ƙara masa. Sai kin bi shi ɗaki-ɗaki kamar mai yawon buɗe ido, kin duba kin yaba. Na biyu, muryar baƙo ba ta ratsa ƙofar nan fiye da sau uku."

Tabawa ta gyara gyalenta. In dai a ce ka ɓoye abin da ke cin ranka ka yi kamar ba komai ne, ai an zo gidan gwanaye. Ta ce, "Bismilla. Dama ina son in ga gidan."

Suka fara da matakala. Hawa suke yi, amma ta taga Tabawa tana ganin kogi na ƙara matsowa, ashe sauka ake. Wata matakalar ta tafi tiryan-tiryan ta tokare da rufi, ba ƙofa ba kafa. Tabawa ta tsaya ta ce, "Kai, wannan ta yi kyau. Ina take zuwa?"

"Babu ko'ina. A nan takarda ta yage."

"Madalla. Ko ba komai mutum ya hau ya huta."

Rufin ya ji daɗin yabo, ya tsage ya ba su hanya. Tabawa ta dafa katakon da ke gefen matakalar, sai ta ji shi sabo, sumul, an kashe masa kaifi yadda ba zai soki hannun tsoho ba. Ta san hannun da ya yi shi. Kujerar farko da ya ƙera yana ɗan shekara goma sha biyu, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, a kanta take zama har yau, kuma ba ta taɓa cewa ta yi kyau ba. Ta bi katakon da tafin hannu tun daga ƙasa har sama.

Suka shiga falon da ruwa ya fi ɓata zanensa. A nan kogi ne a sama maimakon rufi, yana gudu shiru, ko ɗigo ba ya zubowa. Giwan ruwa ya wuce ta kansu, wani kada ya leƙo ya ce, "Sannu da zuwa, Inna." Tabawa ta amsa, ta tambaye shi iyali, ta tambayi gajiya, har ta ce a gai da mutan gida. Kadan ya ce rabon da a yi masa gaisuwa cikakkiya haka tun zamanin Bature.

Daga nan sai ɗakin sanyi. Murhu ne a jikin bango, wutarsa fara, in ka matsa sai haƙora su kama kaɗawa. Tagar ɗakin tana kallon ƙasar Baturen, wani farin abu kamar auduga yana ta zuba a kan rufin gidaje. A tsakiya an shimfiɗa dogon tebur, tsofaffin aljannu goma sha biyu suna zaune da cokula. Babbansu, mai gemu har ƙasa, ya miƙe.

"Baƙuwa ba ta wuce mu da yunwa. Zauna ki ci, 'yar Adam."

Tabawa ta san wanda ya ci abincinsu ya zama nasu, ta kuma san ba a ƙin tayin manya. Ta rusuna, ta kwance bakin zane ta fito da goro biyu.

"Allah ya ƙara girma. A garinmu baƙo ba ya sa hannu a akushi sai ya fara gai da dattawa. Ga ɗan abin da ya samu."

Suka fasa goro suka rarraba. Ɗaci ya ratsa su, suka hau muhawara, wannan ya ce magani ne, wancan ya ce zagi ne, mai gemu ya ce a ƙaro. Kafin su tuna da baƙuwa ta yi musu sai an jima.

Rana ta karkata. Tabawa ta hango ta ta wata taga da ke ƙasan daɓe, ba ta san lokacin da ta ɗaga ƙafa ba. Nan take barandar da suke bi ta miƙe, ƙarshenta ya yi nisa har ya zama ɗigo. Uwar Makullai ta ce, "Kin gani?" Tabawa ta tsaya cak. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce gwiwa ce ta dame ta, ta shiga ba aljana labarin yadda ake yin man shanu. Zuciyarta na ƙuna, bakinta na zuba. A hankali barandar ta sake jiki ta dawo yadda take.

Ɗakin da ya fi ba ta wuya shi ne mai tagogin da ke kallon ciki. Babu waje a bayansu, sai abin da ya wuce. Ta leƙa ta farko, sai ga ta tana yarinya, a tsaye bayan asabarin ƙofa. A cikin ɗaki ɗanta ne kwance yana ɗan yaro, ƙyanda ta rufe shi, kakarsa na yi masa fifita. Yarinyar ta kai hannu ga asabari, ta janye. Ta sake kaiwa, ta janye. A taga ta biyu ranar aurensa ce, gida ya cika, ita tana bayan rumbu tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. A ta uku shi ne, ya zama magidanci, ya zo gaishe ta ya durƙusa, ita tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba. Sai yanzu ta ga abin da ba ta gani ba a ranar: ya daɗe a durƙushe yana kallon hannuwanta.

Uwar Makullai ta ce, "Ashe ɗanki ne. Mu namu a kafaɗa muke yawo da su har su yi shekara ɗari. Ba kya son sa ne?"

Tabawa ta kau da kai daga tagar.

"Ranki ya daɗe, na haifi bakwai. Shida na goya su na yi musu rawa. Shi kuwa son da nake masa ba a ba ni inda zan sa shi ba, sai ya zauna a nan." Ta dafa ƙirji. "Haka na tarar ana yi, haka na yi. Ban sani ba ko ya sani."

Aljanar ta matso kusa da ita. Ta rage tsawonta har suka yi kai ɗaya, suka ci gaba kafaɗa da kafaɗa.

Ɗakin ƙarshe yana can ƙuryar bene. Ƙyauren ya riga ya fara komawa bango, daga ƙasa har gwiwa duk ya zama farar ƙasa, tana hawa a hankali. Tsinin ƙusoshi ya huhhudo ta waje. Rana ta yi ja.

Tabawa ta tsaya gaban ƙyauren. A ranta ta ce yau ba ranar kunya ba ce. Ta buɗe baki, sunan ya tsaya mata a wuya. Ta sake gwadawa. Shekara arba'in da ɗaya tana faɗarsa a zuci, ba ta san yana da nauyi haka a harshe ba.

"Haladu."

Can sai wata murya ta fito, a gajiye, kamar daga cikin rijiya.

"Kun dawo ke nan. Ku ji tsoron Allah ku bar ni in mutu cikin salama."

Hawaye ya ɓalle mata. Ta manna goshi da katako. "Haladu, ɗana, ni ce! Ni ce na haife ka. Ka buɗe, don Allah ka buɗe!"

Sai ta ji ya yi wata 'yar dariya mai ban tausayi.

"Muryar kam kun iya ta. Amma kun yi kuskure, yau ma kamar shekaranjiya. Ku je ku ƙara koyo. Yaya ba ta kama sunana. Ba ta ce mini ɗana. Ko sama za ta faɗo ba za ta tsaya a ƙofata tana kuka ba. Na toshe kunnena, ku yi ta yi."

Farar ƙasa ta kai ƙugu. Uwar Makullai ta ce a hankali, "Saura ɗaya, 'yar Adam."

Tabawa ta sulale ta zauna. Abin da ta danne fiye da shekara arba'in yau ta fitar, ga shi an maido mata. Ta ji baƙin ciki kamar ta mutu. Amma a ƙarƙashin baƙin cikin sai ta ji wani abu mai sanyi: ashe ya san ta. Ya san ta har aljannu sun kasa sayar masa da wata uwar da ta fi ta daɗin baki.

Ta share fuska da gefen gyale. Ta juya wa ƙyauren baya, ta miƙe ƙafafu, ta kakkaɓe zane. Ta dubi Uwar Makullai, ta ɗaure fuska tamau, ta yi magana da muryarta ta kullum, busasshiya, irin ta mai aiken yara.

"Baiwar Allah, in kin ga mutumin nan ki ce masa in ya ga dama ya fito, in bai ga dama ba ya zauna. Ni kifi na zo saye. Sai dai ya sani ƙyauren ɗakina ya ɓalle tun farkon damina, da tabarma nake tarewa. Ana ta gyara gidajen mutane, ban ga wanda ya kula ba."

Farar ƙasa ta kai ƙirji. Tabawa ba ta waiwaya ba, amma ta damƙe gefen zanenta.

Sai aka ji ƙiiii, kukan ƙusa tana barin katako. Aka sake jin wata. Aka ji guduma ta faɗi, aka ɗauka, ana haki. Ƙusa ta bakwai na fita, rabin ƙyauren na sama ya buɗe, wani mutum ya tsallako ta kai ya zube a ƙasa, ya rame, gemu ya cika fuska. Bayansa bango ya haɗe ruf, kamar ba a taɓa yin ƙofa a wurin ba.

Ya ja jiki ya durƙusa a bayanta. "Yaya? Ina wuni?"

"Lafiya," in ji Tabawa, tana kallon bango.

Uwar Makullai ta dube shi, ta dube ta, ta girgiza kai. "Na shekara dubu ina ganin abin mamaki, ban ga kamar 'yan Adam ba." Ta zaɓi wani ɗan makulli ta soka a iska ta murɗa, sai ga su a kan yashi, Gado yana kwance igiyar jirgi. Ta ce, "Ku sauka lafiya. 'Ya'yanmu kuma za su ji a jikinsu." Kafin su amsa, ruwa ya fara rufe tsibirin.

Tabawa ta zauna a gaban jirgi, fuskarta na kallon gari. Haladu ya zauna a tsakiya. Gado yana tuƙi daga baya, ya ba shi ruwa da ƙuli-ƙuli, ya ci kaɗan ya ajiye. Suka kai tsakiyar kogi. Haladu yana ta juya abu a ransa. Yaran aljannu sun sha kiransa da muryarta, amma nasu kiran santsi gare shi, ba ya sarƙewa. Na yau kuwa sai da ya yi tuntuɓe kafin ya fito.

Ya share ido da bayan hannu. Bai iya tambayarta ba, sai ya juya wajen masunci.

"Baba Gado, don Allah ka tambayar mini. Kafin a yi zancen ƙyaure, na ji an kira sunana sau biyu. Tun ina yaro nake so in ji shi a wannan muryar, da aka faɗa kuma na toshe kunne. Ka tambayar mini, wa ya kira?"

Gado ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, kin ji."

Tabawa ba ta juyo ba. "Ka ce masa aljannu ne."

Haladu ya sunkuyar da kai. Jirgi ya ci gaba, ba ka jin komai sai filafilin tuƙi na shiga ruwa yana fita. Har an fara hango hayaƙin gari sa'an nan ta sake magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Gado."

"Na'am, Inna."

"Ka ce masa wadda ta faɗa ɗin, ta ji daɗinsa a bakinta."